Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Aka Ce Ta Cinye Rijiyoyi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma da kai a ɗage, ni mai kula da ɗakin bayanai, a madadin kaina da masu awon rijiyoyi da duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofarmu yana jiran fayil, nake sanar da rasuwar kwamfutarmu kuma abokiyar aikina, wadda kowa a ofishin nan ya sani da suna Gwaggo. Rai ya yi halinsa ranar Laraba da ƙarfe uku da minti goma na yamma, a kan teburinta da ke jikin taga, bayan jinyar da ta ɓoye mana har ta ci ƙarfinta. Ta rasu tana da shekara goma sha bakwai. Ta rasu tana bakin aiki. Ina roƙon masu karatu su riƙe wannan magana ta ƙarshe da kyau, domin za a neme ta ranar Litinin.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba, ofishinmu na awon ruwa ne. Rijiyoyi dubu ɗaya da ɗari huɗu da shida ke hannunmu, kowace da lambarta. Duk mako mai awo yakan hau babur ya je ya zura igiya, ya rubuta zurfin ruwan a takarda, ya kawo mana. Awo ɗaya layi ɗaya ne, kowane layi da gida goma sha huɗu: lambar rijiya, rana, zurfi, wanda ya auna, da sauransu. Shekara goma sha tara ana haka, har layukan suka kai 1,391,207. Dukkansu a cikin Gwaggo suke zaune, cikin wata tsohuwar manhajar lissafi da ba ta buɗuwa sai da ɗan makullin da ke soke a bayanta, sababbin kwamfutoci kuwa ba su da ramin da makullin zai shiga. Saboda haka duk mai son bayanan sai ya zo wurinmu mu fitar masa da su a rubutu zalla, lamba da waƙafi, lamba da waƙafi, irin fayil ɗin da kowace na'ura za ta karanta ba tare da neman izinin kowa ba. Aikinta ke nan, kuma nawa ke nan.

Na san ta tun ranar da aka fito da ita daga kwali, don ni na kwashe kwalin. A lokacin shara nake yi a ofishin, ko sunana ban iya rubutawa ba. Mai ita na farko shi ne Malam mai lissafi, wanda yanzu ya yi ritaya. Mutum ne da in yana aiki yake magana shi kaɗai, ni kuwa ba a taɓa yin mai jinkirin goge taga kamata ba. Shekara uku ina goge tagar nan ina saurare. Ina da shekara arba'in da ɗaya na shiga ajin manya, 'yata ta uku ce ke duba mini aikin gida tana dariyar yadda nake rubuta takwas a kwance. Da na fara haɗa baƙi, Malam ya riƙa bar mini kujerarsa lokacin hutun rana. A kan Gwaggo na koyi buga lamba, a kanta na rubuta umarnina na farko, a kanta na yi kuskuren da ba ya ƙirguwa, ba ta taɓa kai ƙarata ba. Ranar da Malam zai tafi, shekara takwas ke nan, ya miƙa mini makullin ɗakin da wani littafi mai baƙin bango, ya ce, “Ki riƙe ta da kyau. Ba ta da sauri, amma ba ta ƙarya. Duk abin da kika fitar, ki ƙirga layinsa, ki rubuta a nan.” Ban taɓa tsallake ko sau ɗaya ba.

Marigayiya ta san iyakarta, abin da ba kowane mai rai ya sani ba. Ƙwaƙwalwarta ƙarama ce. Akwai umarni guda da ke cewa a kwashe teburin bayanan, wato layukan nan gaba ɗaya, a zuba shi a fayil a tashi ɗaya, kuma duk ranar da wani ya gwada shi a kanta sai ta ƙware, fuskarta ta ƙame, a kashe ta a kunna. Sai muka yi yarjejeniya ni da ita. Nakan ɗebo mata layi dubu hamsin, ta rubuta, ta saki, in ɗebo wani dubu hamsin ta ɗora a ƙarƙashin na farko. Kan tebur kuwa, wato layin da ke ɗauke da sunayen gidaje, sau ɗaya take rubuta shi a farko, ba ta maimaitawa. Kowane kaso minti goma yake ɗaukarta, fankarta na wuuu a hankali, in ta gama ta ce tit. Tit ashirin da takwas, aiki ya ƙare. Nakan yi saƙa a tsakani. Akwai hular jikana da aka gama a fitarwa ɗaya da rabi.

Ba ta rage wa kowa suna. Rijiya mai lamba 0007 haka take rubuta ta, da sifilinta uku a gaba, ba ta taɓa mayar da ita 7 don ta ga babu mai tsaya mata ba. Ba ta haɗa rijiyar da ta ƙafe da wadda ba a je aka auna ba. Ta farko sifili ce, ta biyu tana da alamarta daban, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar jarka ya yi tafiyar awa biyu ya san bambancin. Rana kuwa yadda aka ba ta haka take mayarwa, ba ta juya uku ga wata huɗu ya koma huɗu ga wata uku.

Ba zan ce ba ta da aibi ba, don ba a yi wa mamaci ƙarya ko ta yabo ce. Tana da nauyin tashi da safe, sai na gama shan shayi kafin ta buɗe ido. Agogonta na baya da minti ashirin tun shekarar da aka sauya mana fenti. Rumbun ajiyar da ke cikinta kuma ya cika maƙil, ba ta da wurin ajiye kwafin abin da ta fitar, sai dai ta rubuta kai tsaye a rumbun waje na ofis, wanda ake sokawa a cire. Ta wannan ƙofar ce sharri ya shigo.

Da ba don abin da zan faɗa yanzu ba, da sanarwar nan layi biyar ce. Amma an yi wa marigayiya ƙazafi tana raye, ita kuwa ba ta da bakin kare kanta.

Watan jiya aka nemi rahoton shekara goma sha tara gaba ɗaya. Wanda aka ba aikin shi ne ma'aikacin da aka ɗauka bara, wanda muke kira Mai Digiri saboda guda biyu gare shi kuma ba ya bari a manta. Yana da laftof siririya kamar faranti. Ya leƙo ɗakinmu ana tit na goma sha tara.

“Inna, har yanzu kunkurun naku bai iso ba?”

Na ce, “Yana hanya.”

“Ni wannan aikin, kafin shayina ya huce na gama.”

“Allah ya ba da sa'a. Ka dai yi kwafi kafin ka taɓa shi. Kuma kada ka buɗe shi da manhajar tebur, tana da rufi.”

Ya yi dariya ya ce, “Inna, ni za a koya wa buɗe fayil?”

Da Gwaggo ta gama na ƙirga, layi 1,391,208 har da kan tebur, na rubuta a littafi da rana da lokaci, na miƙa masa rumbun.

Bayan mako uku rahoton ya dawo daga sama da tambaya ɗaya a jan biro: ina sauran rijiyoyin? Dubu ɗaya da sittin ne a ciki. Ɗari uku da arba'in da shida sun yi ɓatan dabo, kuma duk na can ƙarshen lamba ne, na ƙauyukan da suka fi nisa, inda hanya ke ƙarewa a ci gaba da tura babur.

Ranar Alhamis Shugaba ya tara mu a ɗakin taro. Ya ce, “Malama, daga ɗakinki fayil ɗin ya fito. Me ya faru?”

Kafin in buɗe baki Mai Digiri ya ce, “Ranka ya daɗe, ga shi nan a rumbun yadda aka ba ni. Tsohuwar na'ura ce, ta gaji a hanya ta tsaya. Ni ban ga laifin Inna ba, aikin ne ya fi ƙarfin ɗakin.”

Na buɗe littafina na tura gaban Shugaba. Mai Digiri ya leƙa ya ce, “Wannan ai biro ne, ranka ya daɗe. Ni ma zan iya rubuta miliyan goma.” Aka yi 'yar dariya, ta ladabi.

Na ce, “Layi nawa ne a fayil ɗin yanzu?”

Ya duba ya ce, “1,048,576.”

Lambar nan na san ta. A bakin Malam na ji ta ina riƙe da tsumman goge taga, ranar da yake faɗa wa wani cewa manhajar tebur iyakar layin da take ɗauka ke nan, in fayil ya wuce haka sai ta nuna ɗan akwatin gargaɗi, ta karɓi na sama ta bar na ƙasa, in kuwa mutum ya danna ajiye, abin da ta ɗauka kaɗai zai hau kan na asali ya danne shi. Na kuma hango allon laftof ɗin daga inda nake zaune. Rijiya ta bakwai tana nan a rubuce 7, tsirara, babu sifili ko ɗaya. Gwaggo ba ta taɓa rubuta haka ba. Fayil ɗin ya bi ta wani hannu ya dawo.

Ban faɗa ba. Wadda aka sani da tsintsiya in ta ja da digiri biyu, bakinta za a kalla, ba hujjarta ba. Shugaba ya yanke hukunci a nan take: a kai Gwaggo sito, a kafa kwamiti ya zauna a kaina Litinin ta sama, ya duba ko zan fi dacewa da aikina na asali. Haka aka rubuta a takardar, aikinta na asali. Na ninke ta biyu na sa a jaka, na ce, “Ranka ya daɗe, a ba ni kwana uku da Gwaggo kafin a ɗauke ta.”

Ya ce, “Me za ki yi da kwana uku?”

“Zan sake fitarwa.”

Ya dubi agogonsa ya ce, “Laraba da yamma a ɗauke ta.” Kuma ga shi Laraba da yamma aka ɗauke ta, sai dai ba masu sito ba.

A baranda na tarar da Mai Igiya yana jirana. Shi ne mafi tsufa a masu awo, kuma rijiyoyin ƙarshen lambar nan rabinsu nasa ne. Ya ce, “Ƙanwata, wai da gaske an ce ban taɓa zuwa ba?”

Na ce, “Ba su ce ba ka je ba, Yaya. Cewa suka yi babu a rubuce.”

“To ai gara su ce ban je ba. Babur huɗu na kashe a hanyar can. Gwiwar nan a rafi na baro ta.”

“Ka zo Litinin da safe. Ka taho da abin fifita.”

Game da ciwon ajalinta, tun watan jiya nake jin wani ƙwas-ƙwas a cikinta jefi-jefi, na ɗauka tsufa ne. Litinin da safe na kira Mai Gyara, mutumin da ya sauya mata fanka sau biyu bai taɓa kiranta tsohuwa ba. Ya kwance murfin gefenta, ya kara kunne ya daɗe, sannan ya miƙe ya ce, “Yaya, rumbun ne. Wannan ba tari ba ne, sallama ce. In kika bar ta ta huta, za ta iya kai wata guda. In kika ɗora mata kaya, ban ba ki kwana uku ba.”

Na ce, “In ka kwafe rumbun fa?”

“Wahalar ɗaya ce, sai ta karanta shi daga farko har ƙarshe. Kuma abin da zan kwafo a kulle zai fito, sai da ita da makullinta. Ɗaya za ki zaɓa.”

Na zaɓa, kuma ba na ɓoyewa. Wata guda a sito ƙarƙashin karyayyun kujeru, da sunan wadda ta cinye rijiyoyi, ko kwana uku a kan teburinta tana abin da ta iya. Wanda duk ya ce ni na kashe ta, ban musa ba. Na dai san wadda na zauna da ita shekara goma sha huɗu.

Wannan karon mun sauya tsari. Kowane kaso fayil ɗinsa daban, don in ta faɗi a hanya kada a rasa na baya. Kuma ba daga farko muka fara ba, daga inda aka yanke muka fara, kaso na ashirin da ɗaya. Waɗanda kullum su ne a ƙarshen layi, ranar su aka fara sallama. Mai Igiya ya zauna a kan kwandon shara da ya kifa, yana yi mata fifita da bangon fayil. In ta yi zafi mu kashe ta awa guda, mu zauna mu uku kamar masu jiran likita. A ranar ta yi tit bakwai. Da aka zo kaso na ashirin da takwas, na ƙarshe, sai ta ce ƙwas, ƙwas, ta tsaya. Na sake gwadawa, ta sake tsayawa. Mai Gyara ya ce, “Nan miki yake. Ki kewaye shi.” Muka kewaye.

Talata muka koma farko, domin abin da ke hannun Mai Digiri ba abin dogaro ba ne, sifili ya zube, ranaku sun juye. Ta yi goma sha biyu. Da rana ya leƙo da kofinsa, ya ga murfi a ƙasa da dattijo yana fifita.

“Inna, jinya ake yi?”

Na ce, “Aiki ake yi.”

Mai Igiya ya ce, “Shigo ka karɓe ni mana, ɗana, hannu ya gaji. Ko fifitar ma sai da digiri na uku?”

Ya ce ana jiransa a waya.

Laraba kafin azahar ta gama takwas ɗin da suka rage. Saura mikin. Layi 41,207 ne a cikinsa. Na ce da ita a zuciyata, ba zan ba ki da ludayi ba, da cokali zan ba ki. Na rage kason ya koma layi dubu ɗaya. Ta ce tit. Na ba ta wani dubu, ta ce tit. Mai Igiya ya ajiye fifita ya koma ƙirga da yatsu, yana kiran rijiyoyin da muke wucewa da sunayen da shi kaɗai ya sa musu, mai ɗaci, mai kwaɗi, ta gindin tsamiya, wadda kare ya bi ni. Sau arba'in tana amsawa. A na arba'in da ɗaya ƙwas ɗin ya dawo. Na rage zuwa layi ɗari. Ta ba ni ɗari, ta ba ni ɗari, har sau biyar, kowanne ya fi na baya daɗewa. Mun riga mun shiga rijiya ta 1406, ta ƙarshe, wadda ta fi kowace nisa.

A na shida fankarta ta yi wuuu kamar yadda ta saba, ta ce ƙwas, ƙwas, ƙwas, sau uku a jere. Muka jira tit. Mai Gyara ya kara kunne, ya daɗe fiye da ranar Litinin, sannan ya miƙa hannu ya zare wayar wuta da kansa, ya ce, “Sai haƙuri, Yaya.”

Muka buɗe fayil na ƙarshe a laftof ɗinsa. Layi casa'in da uku cikakku, sai rabin layi. Ta rubuta lambar rijiya, ta rubuta rana, ba ta kai ga zurfin ba. Mai Igiya ya sa tabarau ya dubi ranar, ya ce, “Na tuna wancan makon, na je. Takardun suna sito, da hannuna na rubuta su.”

Ga lissafin, ga duk mai son ya bi da yatsa. An ce ta cinye layi 342,632. A kwana uku, tana kan gargara, ta dawo da 342,018 daga cikinsu, ta kuma sake rubuta duk na gabansu da sifilinsu da ranakunsu daidai. Abin da ya rage layi 614 ne, na rijiya ɗaya. Na'urar da ta gaji a hanya ba ta yin haka. Ban riƙe Mai Digiri a zuci ba, kuskure kowa na yi, ni ma na taɓa goge aikin mako guda da gwiwar hannu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya taka nasa laifin ya hango na wadda ba ta iya magana.

Marigayiya ta rasu ta bar 'ya'ya ashirin da bakwai, kowanne layi dubu hamsin cif, da jikoki arba'in da shida, autansu bai cika ba. Dukkansu rubutu ne zalla, ba sa buƙatar makulli, kuma an raba su gida uku: kwafi a aljihun teburina, kwafi wurin Mai Gyara, kwafi a wani wuri da ba zan faɗa ba. Ta bar allonta mai ɗan tabo a kusurwar hagu, da linzaminta da sai an ɗaga an girgiza yake tafiya, da madannanta waɗanda harafin waƙafi ya goge a kansu sai santsi. Ta bar ƙanwarta firinta, wadda har yanzu ba a gaya mata ba, don ko lafiya lau tana cin takarda, balle ta ji wannan. Ta bar ɗan makullin bayanta, maraya, babu ƙofar da zai sake buɗewa a duniya. Ta bar littafi mai baƙin bango da shafi goma sha ɗaya da ba a rubuta ba. Ta bar Malam, wanda na kira a waya na sanar da shi, ya ce, “Kin ƙirga?” Na ce na ƙirga. Ya ce, “To ta huta.” Ta kuma bar ni.

Za a yi jana'izarta ranar Litinin da ƙarfe goma na safe a ɗakin taro. Na san lokacin ya zo daidai da zaman kwamiti. Ba kuskure ba ne, kuma ba sai an ƙara kujeru ba, mutanen ɗaya ne. Mai Gyara da Mai Igiya za su ɗauko ta su ajiye a tsakiyar tebur, murfinta a rufe, an goge ta. Mai Gyara zai haɗa 'ya'yan da jikokin su zama fayil guda a gaban kowa. Shugaba, in ya amince, shi zai riƙe littafin, yatsansa a kan layin watan jiya.

Iyalan marigayiya sun roƙi Mai Digiri ya jagoranci karatu. Za a ba shi kwafi, kwafi nake cewa, ya buɗe a laftof ɗinsa da manhajar da ya buɗe na farko. In ɗan akwatin nan ya fito, ana roƙonsa kada ya danna komai tukuna, ya karanta abin da ke ciki da ƙarfi, a hankali, yadda na bayan ɗaki za su ji. Daga nan ya gangara har ƙasa ya faɗa mana lambar layin ƙarshe. Ba za a nemi ya ƙara ko kalma ɗaya ba. Ni ma ba zan yi jawabi ba.

Bayan an tashi ba za a kai ta sito ba. Za a mayar da ita ɗakinta, a ajiye ta a kan kantar da ke ƙarƙashin taga, inda na fara jin muryarta. Makullin bayanta na riga na zura shi a zoben makullan ɗakin.

Ana karɓar ta'aziyya a ɗakin bayanai kullum daga takwas zuwa huɗu. Za a same ni a kujerata da aron laftof, Mai Igiya a gefe da kwalin takardun rijiya ta 1406, yana karanto mini ina bugawa. Mun fara daga rabin layin da ta bari, zurfin ya shiga gidansa. Zuwa yammacin yau mun yi layi ɗari biyu da goma sha ɗaya. Ba a buƙatar a zo da komai. Wanda ya iya karanta lamba ya karɓi dattijon nan ko takarda ɗaya ce, idonsa ya huta. Wanda bai iya ba ya zo ya zauna ya saurara, ni ma da haka na fara.

Wanda kuma zai zo don ya ga ranar da zan tashi daga kujerar nan, ya taho da tasa kujerar. Zai daɗe.

Sanarwa daga mai kula da ɗakin bayanai, wadda har yanzu makullin ɗakin ke hannunta.